DARA TA CI GIDA: TSOKACI A KAN MANTIƘI, WASA DA AMANA

Gabatarwa

Akwai wata inuwa a bakin hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma ta nufi Kurfi, inda dattawa kan zauna bayan la'asar su yi dara. Ni kuwa da yake aikin koyarwa ya sa na daɗe ina zirga-zirga tsakanin garuruwan nan biyu, nakan ratse in jingine babur in sha kallo. Wata rana karambani ya ja ni na karɓi tsinke na zauna gaban wani tsoho. Mun gama dasa 'ya'ya ke nan, ko motsi uku ba mu yi ba, sai ya dube ni ya ce, "Malam, kwashe kayanka, ai ka mutu." Na duba ƙasa na ga 'ya'yana goma sha biyu suna nan cif, ba a ci ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, ai da sauran magana." Ya yi dariya ya ce, "Magana ta ƙare tun wajen dashe, saura dai ka gani da idonka." Haka kuwa aka yi. Duk gurbin da na nufa sai in tarar ya riga ni, har ya share ni tas.

Ba a yi mako biyu da wannan ba, sai wani ɗalibina ya zo mini da tambayar da ta fi kayen tsohon nan zafi. An yi gasar muhawara a makaranta, ƙuri'a ta faɗa masa a kan ya kare ra'ayin cewa ilmin 'ya mace asarar kuɗi ne. Yaro ne mai kaifin baki, ya kuwa lallasa abokin karawarsa, aka yi ta tafi, aka ba shi kyauta. Bayan an tashi ya same ni a ofishin malamai, ya rusuna ya ce, "Malam, yayata ce ta biya mini kuɗin jarrabawa da albashinta na aikin asibiti. Na san abin da na faɗa yau ƙarya ne, ga shi kuma na ci. To in ana cin muhawara da ƙarya, mene ne amfanin hujja?"

A ranar ban ba shi wata amsar kirki ba, lallashinsa kawai na yi. Amma tambayar ta ƙi barina, kuma duk lokacin da na juya ta sai dariyar tsohon nan ta faɗo mini a rai. Daga baya na fahimci cewa abin da ya faru a inuwar dara da abin da ya faru a zauren muhawara rassa biyu ne na itace guda. Wannan takarda ƙoƙari ce ta biyan bashin amsar da yaron nan yake bi na, ta hanyar duba dangantakar da ke tsakanin fannonin ilmi guda biyu, wato mantiƙi da ilmin dabarun wasa. Ina roƙon 'yan uwana marubuta su yi haƙuri su bi ni a hankali, domin a ƙarshe maganar kan alƙalaminmu za ta sauka.

Mantiƙi Ba Baƙo Ba Ne

Mantiƙi shi ne ilmin auna magana, don a gane ko abin da aka yanke ya fito daga cikin abin da aka shimfiɗa. Malamai suna kiran shimfiɗar muƙaddima, abin da aka yanke kuwa natija. Alal misali: duk akuya tana tuƙa, wannan dabbar akuya ce, ashe wannan dabbar tana tuƙa. Abin lura a nan shi ne, mantiƙi bai damu da akuya ba. Cire ta ka sa ɗan kasuwa, ko tauraro, ko lamba, muddin sigar maganar ba ta sauya ba, natija za ta biyo baya tilas. Mantiƙi kamar mudu yake. Zai gaya maka ko awo ya cika, amma ba zai gaya maka ko geron da aka zuba a ciki mai kyau ne ko mai ƙwari ba. Mai karatu ya riƙe wannan misali, za mu waiwaye shi.

Kada kuma a ɗauka wannan ilmi tare da boko ya zo mana. Aristotil na ƙasar Girka ne ya fara tsara shi a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, daga nan ya biyo malamai da ayari ya ƙetaro Sahara. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, wanda ya zauna a Kano da Katsina wajen shekarar 1493, ya yi waƙe a kan mantiƙi, har sun yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Misira, shi Suyuɗi yana ganin bai halatta a shagala da shi ba, shi kuwa Magili yana kare shi. Abdurrahman al-Ahdari, mai Ahalarin nan da muka biya a zaure muna yara, shi ne kuma mai Sullam, waƙen mantiƙi na ƙarni na 16 da almajiran ilmi ke haddacewa. Sannan ga namu na gida, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, wanda ya shahara da lissafin hatimi, ya kuma bar rubutu a kan mantiƙi. Ke nan in Bakatsine ya yi zancen mantiƙi, gadon gidansu yake taɓawa.

Hujja Wasa Ce ta Mutum Biyu

Yawancinmu idan aka ce tunani, sai mu hango mutum guda ya rafka tagumi a ɗaki shi kaɗai. To amma magabata sun ɗauki kafa hujja a matsayin abin da ake yi tsakanin mutum biyu, kamar dara, kowa da lokacin motsinsa. A ƙarshen ƙarni na 13 Shamsuddini na Samarƙandi ya tsara ƙa'idojin wannan zama a fannin da ake kira ladubban bincike da munazara. Mai da'awa ana ce masa mu'allili, mai tuhumarsa kuwa sa'ili. Shi sa'ili hanyoyi uku aka ba shi. Yana iya cewa bai yarda da wata muƙaddima ba, a kawo masa dalili. Yana iya nuna cewa dalilin da aka kawo ya sami wani wuri amma hukuncin bai samu ba, wato dalilin gurgu ne. Yana kuma iya kawo nasa dalilin da ke tabbatar da kishiyar da'awar. Zama yana ƙarewa ne idan mu'allili ya rasa ta cewa, ko kuma sa'ili ya kai inda ba shi da sauran halin musu. Sai dai malaman sun gindaya sharaɗi guda, cewa manufar zaman ita ce daidai ya bayyana, ko a bakin wa ya fito. Idan manufar ta koma kunyata abokin zama, to sunan abin ya sauya, ya zama jidali.

A ƙarni na 20 sai masana suka mayar da wannan tsohon tsari lissafi. Paul Lorenzen na Jamus daga shekarar 1958, da Jaakko Hintikka na Finlan daga wajen 1968, sun nuna yadda za a mayar da maganar mantiƙi wasa tsakanin mutum biyu, mai karewa da mai rusawa. Ƙa'idojin Hintikka ba su da wuyar riƙewa. Duk inda aka ce "kowane" ko "duk", mai rusawa ne zai zaɓo misalin da za a gwada. Duk inda aka ce "akwai", mai karewa ne zai kawo shi. In aka haɗa magana biyu aka ce duka gaskiya ne, mai rusawa ne zai zaɓi wadda zai kai wa hari. In aka ce ko wannan ko waccan, mai karewa ne zai zaɓi wadda zai tsaya a kai. In kuwa aka kore magana da "ba", sai su biyun su yi musayar wurin zama. Magana tana zama gaskiya idan mai karewa yana da dabarar da za ta ba shi nasara ko me mai rusawa ya zaɓa.

Mu gwada da karin maganar nan ta kakanninmu: kowace ƙwarya tana da abokiyar burminta. A nan mai rusawa ne zai fara motsi, ya ɗauko ƙwaryar da ya ga dama, ni kuma in shiga rumfar masu ƙorai in nemo daidai da ita. Ina da damar ci, domin na ga zaɓinsa kafin in yi nawa. Yanzu a juya maganar a ce: akwai ƙwarya guda wadda ita ce abokiyar burmin kowace ƙwarya. Kalmomin kusan ɗaya ne, amma yanzu ni zan fara zaɓe. Da na ɗauko tawa, sai ya jawo masaki ko ɗan ƙaramin ƙoƙo ya ajiye, shi ke nan na faɗi. Bambancin gaskiya da ƙarya a nan bai wuce sanin wanda ya fara motsi ba. Da wannan ɗan zamiya ne mai tallar magani da lasifika yake cin kasuwa. Zai fara da cewa kowace cuta akwai maganinta, jama'a su gyaɗa kai, kafin a ankara ya zame ya koma cewa akwai magani guda na kowace cuta, ga shi nan a kwalba.

Daga nan ne na gane abin da tsohon nan ya gaya mini. A shekarar 1913 wani masanin lissafi Bajamushe, Ernst Zermelo, ya yi rubutu a kan shataranji, wato darar Turawa, wanda daga gare shi aka samo wata ƙa'ida. Duk wasan mutum biyu da ba a ɓoye komai a cikinsa, babu sa'a irin ta ƙuri'a, kuma dole ya ƙare, to tun kafin a taɓa ɗa guda ɗayan biyu ne: ko dai wani daga cikinsu yana da hanyar ci ko me ɗayan ya yi, ko kuwa kowannensu yana da hanyar hana a ci shi. Dararmu ma ta shiga ciki, in dai an sa dokar da za ta hana a yi ta kai da komo ba iyaka. Da tsohon ya ce na mutu, abin da yake nufi shi ne: akwai motsin da zan yi, wanda duk motsin da ka yi, akwai wanda zan mayar maka, wanda duk abin da ka sake yi, akwai amsarsa a hannuna, har zuwa ƙarshe. Akwai, duk, akwai, duk. Wannan jimla ce ta mantiƙi tsantsa, tsoho ya rubuta ta da tsakuwa a kan rairayi.

Ga rabin amsar ɗalibina ke nan. Cin wasa daban, mallakar dabarar ci daban. Shi yaro guda ya kayar, a yammaci guda, yaron da bai san inda zai kai hari ba. Da'awarsa ta ginu ne a kan "duk", saboda haka haƙƙin zaɓen misali na abokin karawarsa ne, bai kuwa yi amfani da shi ba. Da yayarsa ce ta zauna a kujerar sa'ili, da kalma biyu sun isa: "Ni fa?" Gaskiya ita ce maganar da za ta tsira a gaban mafi gwanintar masu rusawa, ko da bai halarci zauren ba.

Idan Abokin Wasa Maƙwabci Ne

Zuwa yanzu wasa ne ya shigo ya yi wa mantiƙi hidima. Bari mu juya mu ga yadda mantiƙi yake shiga wasa. Ilmin dabarun wasa ya tsaya da ƙafarsa ne a shekarar 1944, lokacin da John von Neumann da Oskar Morgenstern suka fitar da littafinsu a Amurka, sannan John Nash ya faɗaɗa shi a 1950, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1994. Abin da suke nufi da wasa shi ne duk wani hali da abin da za ka samu ya rataya a kan zaɓinka da zaɓin wani. Ciniki wasa ne, zaɓe wasa ne, yaƙi da sulhu ma haka. A nan muƙaddimarka ta ƙunshi tunanin wani mai tunani irinka. Kana lissafa shi, yana lissafa ka, ya kuma san kana lissafa shi.

Shahararren misalin wannan fanni shi ne na fursunoni biyu, wanda Merrill Flood da Melvin Dresher suka ƙirƙiro tsarinsa a 1950, Albert Tucker ya sa masa rigar labari. An kama mutum biyu, an raba musu ɗaki. In duka suka yi shiru, hukunci kaɗan za a yi musu. In ɗaya ya tona ɗaya ya yi shiru, mai tonawa ya fita, mai shiru ya sha ɗauri mai tsawo. In duka suka tona, duka su sha ɗauri matsakaici. Kowannensu zai ce a ransa: in ya yi shiru, tonawa ta fi mini, in ya tona, tonawa ta fi mini, ashe tonawa ta fi mini ko ta yaya. Hujjar ba ta da aibi a siga. Amma da yake su biyun duka sun iya lissafi, sai duka su tona, su faɗa halin da ya fi na shirun muni.

Mu ba sai mun je kurkuku ba, muna da adashe. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, mu goma muka haɗa zubin naira 10,000 kowane wata, mai kwasa ya tashi da 100,000. Yanzu a sa mudun mantiƙi a auna, a faro daga ƙarshe kamar yadda gwanin dara yake yi. A wata na 10, mutum tara sun riga sun kwashe, zubinsu ba zai ƙara musu komai ba. In kowa ribarsa kaɗai yake dubawa, ba wanda zai zuba. Na goma ya san haka, to me zai sa ya yi zubin wata tara a banza? Sai ya janye tun farko. Da ya janye, na tara ya zama na ƙarshe, lissafin da ya kori na goma ya kore shi. Haka za a yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, har a bar na farko shi kaɗai riƙe da ƙwarya ba mai zuba masa. A takarda, adashe abu ne da ba zai taɓa yiwuwa ba. Ga shi kuwa iyayenmu mata da shi suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Sai dai namu adashen ya nuna mini cewa lissafin nan ba tatsuniya ba ne. Wanda ya yi kwasa ta biyu, an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa bayan wata na uku. Daga nan ba mu sake ganin zubinsa ba, waya ma ya daina ɗauka. Ba a jima ba wasu daga cikin waɗanda suka riga suka kwashe suka fara jan ƙafa, kowa yana cewa in wane bai zuba ba, don me ni zan zama wawa? Wanda ke ƙarshen layi masinjan makaranta ne, mafi ƙarancin albashi a cikinmu, wanda ya ƙwallafa rai a kan kuɗin don ya yi wa ɗakinsa rufin kwano kafin damina. Da watansa ya zo, naira 60,000 kawai aka tara. Shekarar da ta biyo baya ba wanda ya yarda a sake haɗa adashe, har da masu jan ƙafar, waɗanda lokacin sayen taki ya riske su hannu wayam. Kowa ya yi wayo, dara ta ci gida.

Ina Ƙwarin Yake?

To a ina kuskuren yake, tunda kowane mataki na hujjar daidai ne? A nan sai mu koma ga mudu. Awo ya cika, geron ne mai ƙwari. An shimfiɗa wata muƙaddima a ɓoye, wato cewa wasa yana ƙarewa a wata na 10, kuma kowa ya san haka. A zahiri kuwa ba ya ƙarewa. Bayan wannan adashe akwai wani, akwai ranar suna da ranar jana'iza, akwai ranar da za a zo bincike a kan ɗanka yana neman aure. Mutumin da ya fara ɓalle mana shi ne wanda canjin wurin aiki ya yanke masa gobe a cikinmu. Masu shaguna a Dutsin-Ma sun san wannan karatu ba tare da allo ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011 suke hulɗa da baƙi, kuma na sha jin mai shago yana cewa ya fi sakin jiki ya ba ɗan aji ɗaya bashi a kan wanda ya rage masa mako biyu ya tattara kayansa.

An ma gwada wannan da kwamfuta. Robert Axelrod na Jami'ar Mishigan ya gayyaci masana su aiko da dabarun buga wasan fursunonin nan a maimaice, ya fitar da sakamakon a 1980. A gasar farko dabaru 14 aka aiko, a ta biyu 62, kuma a ta biyun ba wanda ya san daidai zagayen da wasa zai ƙare. Duka biyun dabarar Anatol Rapoport ce ta zo ta ɗaya, ita ce kuwa mafi sauƙi: fara da alheri, daga nan ka mayar wa mutum abin da ya yi maka a zagayen baya. Mu da Hausa sai mu ce ba ni gishiri in ba ka manda. Abin mamaki shi ne, wannan dabara ba ta iya fin abokin karawarta maki a karo guda, ko dai su yi kunnen doki ko ya ɗan fi ta. Amma da aka tara makin dukan karawa sai ta zama a sama, domin duk wanda ya zauna da ita lafiya sun ƙaru tare. Dara wasa ce da sai wani ya faɗi wani zai tashi. Yawancin zaman duniya ba haka yake ba, kuma babban kuskuren mai wayo shi ne ya shiga adashe da zuciyar dara.

Wannan magana ta wuce ta kuɗin taki. Dattawanmu suna ba da labarin yadda makiyayi kan sauka a gonar manomi guda kowace shekara bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya san sunan kowa, kowa ya san za a sake haɗuwa baɗi. In an yi ɓarna akwai wanda za a kama, akwai kuma abin da mai ɓarnar zai rasa. Mu da muke zaune kusa da dajin Rugu mun ga abin da ya biyo bayan tsinkewar wannan igiya. A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta yi sulhu da shugabannin 'yan bindiga, a 2020 kuma gwamnan da kansa ya bayyana cewa sulhun ya rushe. Duk mai son alkawari ya ɗore, tsakanin mutum biyu ne ko tsakanin al'ummu, tilas ya tambayi kansa abu uku: waɗanda suka ɗauki alkawarin za su sake haɗuwa gobe? In wani ya saɓa, wa zai gani? In an gani, me zai rasa?

Ashe Amana Wayo Ce Mai Dogon Hange?

Yanzu bari in ba sa'ilina dama, kada in aikata abin da nake hani. Zai ce: Malam, in haka ne, ai ka mayar da amana ciniki. Mutum yana cika alkawari ne kawai don yana tsoron gobe. To wanda ya tabbata ba shi da gobe a wurin fa? Wanda ya tsinci jakar baƙo a tasha, baƙon da ba zai sake gani ba? Lissafinka ai cewa zai yi ya riƙe.

Wannan hari ne mai ƙarfi, kuma ban ga yadda ilmin dabarun wasa shi kaɗai zai kare shi ba. Amsar da nake da ita a cikin adashen namu na same ta. Uwar adashen wata dattijuwar malama ce da ta rage 'yan watanni ta yi ritaya ta koma garinsu. In akwai wanda wasa ya ƙare masa da gaske a cikinmu, to ita ce. Amma ita ce ta cike wa masinja naira 40,000 daga albashinta, a cikin wata biyu. Na ce mata, "Hajiya, ai ba ke kika ci ba." Ta ce, "Malam, da bakina na ce masa ya shigo."

Shin ta saɓa wa mantiƙi? Ko kaɗan. Natija ba ta ɗaukar abin da ba a zuba a muƙaddima ba. Shi ilmin dabarun wasa ba ya gaya wa mutum abin da ya kamata ya so, yana karɓar abin da mutum yake so ne ya lissafa masa hanya. Wanda ya zuba "aljihuna kaɗai" a mudu, cin amana zai auno, kuma awonsa daidai ne. Ita Hajiya abin da ta zuba daban ne. A wurinta ruwan da zai zubo wa masinja a ɗaki asara ce da ta shiga lissafinta, maganar da ta fita daga bakinta kuma bashi ce, sannan ta yi imani cewa littafin ba a ranar ritaya ake rufe shi ba. Daga waɗannan muƙaddimomi, biyan kuɗin nan shi ne natija, tilas kamar yadda akuya take tuƙa. Ke nan mantiƙi bawa ne mai biyayya ga kowa. Zaɓen abin da za a shimfiɗa masa shi ne aikin tarbiyya, kuma a nan ne ake bambanta mutum da mutum.

Kammalawa

In aka haɗa rassan nan biyu za a ga abu guda suke koyarwa, wato cewa ba a yin tunani ba tare da wani a ɗaya gefen ba. A fagen hujja shi ne sa'ilin da zai gwada maganarka. A fagen zaman tare shi ne maƙwabcin da yake lissafi kamar yadda kake yi, yake kuma jin zafi kamar yadda kake ji. Wanda ya manta da na farko zai ɗauki tafi a matsayin gaskiya. Wanda ya manta da na biyu zai ɗauki cuta a matsayin wayo.

Mu marubuta abin ya fi shafar mu, domin mu ne muke buga dara mu kaɗai, hannun dama da tsinke, na hagu da tsakuwa. Sau nawa muke karanta littafi mu tarar an ba kishiya, ko uban da ya yi auren dole, ko tsohon attajiri, hujjar da ko yaro zai rusa, don kawai tauraruwar labari ta yi nasara cikin sauƙi? Irin wannan nasara ita ce ta ɗalibina a zauren muhawara. Mai karatu zai yi tafi, amma in ya koma gida ya haɗu da kishiya ta gaske mai hujja ta gaske, littafinmu ba zai tsinana masa komai ba. Shawarata ga mai sha'awar rubutu ita ce, kafin ka kayar da ra'ayin da kake ƙi, ka ba shi motsinsa mafi kyau. Ka sa a bakin uban nan tsoron da yake hana shi barci, ka bar kishiyar nan ta faɗi abin da aka yi mata. In ra'ayinka ya tsira bayan haka, ka samu abin rubutawa. In bai tsira ba, ka samu abin da ya fi, wato gyara.

Shi kuwa ɗalibina, na kira shi na ba shi aiki. Na ce ya je ya rubuto mini jawabin da ya kamata abokin karawarsa ya yi a ranar, wanda da an yi shi da bai ci ba. Bayan kwana uku ya kawo shafi huɗu, ya ce yayarsa ce ta fara karantawa. Ni ma ban daina ratsewa inuwar nan ba. Har yau ban ci tsohon ba, amma yanzu nakan gane na mutu kafin ya faɗa mini. Allah ya sa mu dace, amin.